Wasannin Shiga Rigar Jarumi da Tasirinsu ga Al'adun Zamani

1.0 Gabatarwa

Wasa madubi ne na rayuwar al'umma, domin ta hanyarsa ake gane abin da jama'a ke sha'awa da abin da suke tsoro. Wannan babi zai duba wani nau'in wasa da ya samo asali daga Amurka, wanda kuma ya yi naso a cikin finafinai da wasannin kwamfuta da yaran yau ke ta'ammali da su.

1.1 Ma'ana da Asali

Wasan shiga rigar jarumi wasa ne da 'yan wasa ke zama wuri guda, kowa ya ɗauki matsayin wani tauraro na ƙage, kamar mayaƙi ko boka ko ɓarawo. Akwai jagora guda da ke bayyana duniyar labarin da haɗurran da ke cikinta. Idan ɗan wasa ya yanke shawarar abin da tauraronsa zai aikata, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta wasan lido, wadda fuskokinta kan kai 20, don a san ko ya yi nasara. Wato ke nan, ba a rubuta ƙarshen labarin tun da farko ba.

Fitacce daga cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro, kamfanin TSR ya fitar da shi a shekarar 1974. Ya tsiro ne daga wasannin dabarun yaƙi na kan tebur, ya kuma aro halittu daga labaran almara irin na marubucin Ingila J.R.R. Tolkien.

1.2 Tasiri

Tasiri na farko shi ne a kan wasannin kwamfuta. Tsarin ƙaruwar ƙarfin tauraro mataki-mataki da ƙidayar lafiyarsa da maki ya shiga wasanni kamar Dragon Quest (1986) da Final Fantasy (1987) na ƙasar Japan, da World of Warcraft (2004). Na biyu, wasan ya taimaka wajen bunƙasa sana'o'i da abubuwan sha'awa, kamar fentin ƙananan mutum-mutumi da rubuta littattafan almara. Na uku, ya kutsa cikin finafinai, kamar shirin Stranger Things da ya fara a 2016.

Sai dai wasan bai tsira daga suka ba. A shekarun 1980 wasu iyaye da ƙungiyoyin addini a Amurka sun zarge shi da koyar da tsafi da tura matasa ga kashe kansu, amma bincike bai tabbatar da wannan zargi ba.

1.3 Kammalawa

Ga malamin Hausa, abin lura shi ne kusancin wannan wasa da tatsuniya: akwai mai ba da labari, da dodanni, da jarumi mai fuskantar jarrabawa. Bambancin shi ne masu sauraro su ne ke juya akalar labarin. Malamin da ya fahimci wannan zai iya raba wa ɗalibai matsayin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, su gina labari da bakinsu, ta haka su ƙware wajen magana da tsara tunani. Haka kuma zai iya tantance abin da ya dace da tarbiyyar ɗalibansa bisa sani, maimakon jita-jita.