Ƙaramin Jirgin Iska da Igiyar Zanensa

A birnin Paris, cikin lambun Luksambur, akwai wani babban kwarmin ruwa. Yara suna zuwa can su saki ƙananan jiragen itace. Jiragen ba su da moter. Zane ake kafa masu bisa jigo, iska ta tura su. Yaro ya tunkuɗa jirginsa da sanda, sa'an nan ya zagaya da gudu ya tarbe shi a wancan gefe.

Manya ma suna wannan wasa, amma nasu jirgin da radiyo suke tuƙa shi. Akwai wani iri da ake tsere da shi a ƙasashe da yawa. Tsawonsa metir 1 ne, nauyinsa ba ya kasa kilo 4. Fiye da rabin nauyin nan dalma ce da ke rataye ƙarƙashinsa, don kada iska ta kifar da shi.

Mai jirgi yana tsaye bakin ruwa, riƙe da akwatin radiyo mai ƴan sanduna biyu. Cikin jirgi kuma akwai ƙananan na'urori biyu da ake kira serbo. Ɗaya tana juya allon tuƙi da ke baya. Ɗaya tana jan igiyar zane ko ta sake ta, kamar yadda mahayi yake yi da linzami. Cikin kowace serbo akwai ɗan moter, da ƙafafu masu haƙora, da wani abu mai auna inda hannunta ya tsaya. Umurni yana zo mata wajen sau 50 cikin sakan guda. In hannun bai kai inda aka ce ba, moter ya ci gaba da turawa har ya kai.

Serbon zane iri biyu ce. Wata tana da dogon hannu mai fizgar igiya. Wata tana da ɗan gangariya da ke naɗe igiyar. Mai gangariya tana bukatar roba da za ta riƙe igiya a miƙe, in ba haka ba sai ta sarƙe.

A tudu ake daidaita ta, tun jirgi bai taɓa ruwa ba. Da farko a kunna akwatin hannu, bayan haka a kunna na jirgi. A jawo sandar zane har ƙarshe. Zane biyu ne, babba a baya, ƙarami a gaba, kowane da sandarsa a ƙasa. Sandar babban ta tsaya kusa da tsakiyar jirgi, tazarar kamar santimetir 1. Ta ƙaramin kuwa a bar ta buɗe kamar santimetir 6. Ta wannan rata iska take bi ta wuce bayan babban zane. In ratar ta yi ƙunci, babban zane ya riƙa kaɗawa. In ta yi faɗi, ƙaramin ne zai kaɗa. Haka jirgi yake hawan iska a karkace, don ba ya iya fuskantar ta kai tsaye.

Sai kuma a tura sandar har ɗaya ƙarshen. Yanzu zannuwa su buɗe sosai, su kusa gicciye jirgi. Wannan na tafiya ne sa'ad da iska take baya.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne ƙarshen ja. In igiya ta gajarta, tana miƙewa tun serbo ba ta kai matsayinta ba. Serbo ba ta san dainawa ba. Tana ta ja, tana ƙugi kamar zuma, tana zafi, tana shanye pil. Pil na ƙarewa, jirgi ya daina jin radiyo, iska ta tafi da shi tsakiyar tafki, mai shi yana kallo. Saboda haka ake kasa kunne. In an ji ƙugi, sai a ƙara tsawon igiya kaɗan, ko a rage iyakar tafiyar serbo daga akwatin hannu, har ƙarar ta ɗauke.

Igiya sabuwa tana ɗan miƙewa in ta jiƙa ta sha ja. Bayan fita ta farko akan ɗauko jirgi a sake auna ratar nan biyu.