Abin lura wajen ƙara tsawon wayar dish a gida

Magidanta da dama kan so mayar da talabijin daga falo zuwa wani ɗaki, sai su tarar wayar dish ba ta kai ba.

Wasu kan murɗa wata waya su haɗa, su naɗe da salatif, kuma galibi daga nan ne hoto ke fara yankewa.

Wayar dai ba hoto kaɗai take ɗaukowa ba. Ta cikinta ne dikoda ke tura wuta mai ƙarfin volt 13 ko 18 zuwa na'urar LNB da ke gaban dish, saboda haka wajibi ne a kashe dikoda kafin a fara aikin.

Idan sili ɗaya na ragar da ke kewaye da wayar ya taɓa tagullar tsakiya, sigina za ta ɗauke, dikodar ma tana iya lalacewa.

Abin da ya dace shi ne waya samfurin RG6, a haɗa bakunan biyu da mahaɗi mai zare, wanda ake kira F.

Tsawo yana rage ƙarfin sigina, don haka RG11 mai kauri ta fi dacewa da wuri mai nisa.

Mahaɗin da ke waje kuma sai an rufe shi sosai, domin ruwan damina yana sa shi tsatsa.