Keken ɗinki a tsakar gida: ina ribar take tafiya?

Jama'a masu saurarenmu na Tawa da kewaye, da ƴan uwa da ke bida a Abijan, Libiya, Aljeriya da Najeriya, yau za mu duba sana'ar hannu da mata ke yi cikin gida. Kusan kowace unguwa akwai mai keke, ko mai saƙar tabarma da faifai da kaba. A arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, matan maƙeran Abzinawa sun shahara da aikin fata, irin su jaka da matashin kai. Aiki dai ana yi, amma in shekara ta zagayo mata da yawa ba su ga abin da suka tara ba. To ina kuɗin ke shiga?

Abu na farko shi ne lokaci. A Adar, da an gama girbi maza da yawa sai su kama hanya, gida ya koma wuyan mace: ɗebo ruwa, itace, daka, damun fura, kula da yara da tsofaffi da bisashe. Ɗinki sai abin da ya rage, tsakanin azahar da la'asar, ko da dare a hasken tocila. Rigar da tela na kasuwa zai gama a wuni ɗaya, ita sai ta ɗauke ta kwana uku. Kuma da yake a gida take, ba ta lissafa wahalarta cikin farashi. Zare da maɓalli kawai take ƙirgawa.

Na biyu shi ne bashi. Masu kawo ɗinkin dangi ne da maƙwabta. "Yaya, ki ɗinka mini, in mai gida ya aiko zan biya." Kunya ba ta barin a ce a'a. Gab da ƙaramar salla da sallar layya aiki kan yi yawa har a kwana kan keke, amma rabin kuɗin yana waje. A misali, in mace ta ɗinka kaya goma a jika guda-guda, aka biya ta biyar, ta cire kuɗin zare da mai, to kusan aikin banza ta yi.

Na uku shi ne jari da ke narkewa cikin tukunya. Kuɗin ɗinki da kuɗin cefane a ƙulli ɗaya suke. Ranar da aike ya yi jinkiri, ko yaro ya kwanta ciwo, jarin ne ake taɓawa. Ba laifinta ba ne, amma haka sana'a ke mutuwa.

Akwai dabarar da aka gwada a ƙasar nan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba ɗan abin da ta iya cikin asusu, a ba mai buƙata rance, a raba a ƙarshen zango. Tsarin ya bazu a Nijar har ya tsallaka wasu ƙasashen Afirka. Amfaninsa ga mai ɗinki shi ne jarinta yana da wurin kwana da ba tukunya ba. Ko adashen unguwa ma yana yin wannan aikin.

Ga ƴan uwa na waje masu niyyar taimako, ga abin lura. Keke mai aiki da lantarki yana da sauri, amma ƙauyuka da dama ba su da wuta, kuma ko a birni mun ga yadda aka sha duhu a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Keken ƙafa, irin Singer ko Butterfly, ba ruwansa da wannan, kuma ana samun mai gyaransa. In za a aiko da kuɗin keke, a haɗa da na zare, allura, almakashi da turmin atamfa ko biyu na farawa. A kuma faɗa ƙarara cewa wannan na sana'a ne, na cefane daban yake.

Ita ma mai keken akwai nata. A rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu. A sa masa man keke, kada a sa man gyaɗa, don yana daskarewa ya riƙe ƙarfen. A karɓi rabin kuɗi kafin a sa almakashi a zane. A sami ɗan littafi, ko ɗan lakwal na gida ya riƙa rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba. Masu tabarma da faifai kuwa, in suka tara kayansu mutum ɗaya ta kai kasuwar Lahadi ta Tawa, kuɗin mota ya ragu, kuma ba wadda ta bar gidanta wuni guda.

Mu kuma da muke kai ɗinki, mu biya a kan lokaci. Kuɗin nan shi ne sabulu, shi ne maganin yaro, shi ne kayan ɗakin ɗiya in aure ya zo. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya dawo mana da matafiya lafiya.