Fitilar UV Da Ke Ƙarfafa Gilashin Ido: Me Take Yi Wa Maganin Ɗigawa?

Duk wanda ya taɓa sa wa wayarsa mai lanƙwasasshen sikirin gilashin kariya ya san aikin: mai gyara zai zuba ruwan gam, ya ɗora gilashin, ya haska ƙaramar fitilar UV, cikin 'yan mintuna gam ɗin ya daskare. To, likitocin ido ma suna da aikin da ya yi kama da wannan, sai dai su a kan idon mutum suke yi. Yau shi za mu duba, musamman abin da yake canjawa game da maganin da ake ɗigawa a ido.

A gaban baƙin ido akwai wani gilashi garai-garai da likitoci ke kira koniya. Kaurinsa a tsakiya kusan maikiron 540 ne, wato rabin milimita da ɗoriya. Akwai ciwon da ake kira keratokonus, wanda ke sa wannan gilashi ya yi laushi, ya sirance, ya turo gaba ya yi tsini. Yawanci a shekarun samartaka yake farawa, kuma yawan murza ido na ƙara shi. Mu da ƙurar hunturu ke sa yaranmu ƙaiƙayin ido suna ta murzawa, wannan ba labarin nesa ba ne. Mai ciwon sai ya ga rubutun wayarsa na rabuwa biyu, ya canja tabarau, bayan 'yan watanni ya sake canjawa.

A birnin Dresden na Jamus aka ƙirƙiro maganin, inda Theo Seiler da Eberhard Spoerl da Gregor Wollensak suka wallafa sakamakon gwajinsa a kan mutane a 2003. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai 2016. Ana kankare fatar saman gilashin, a yi minti 30 ana ɗiga ribofilabin, wato bitamin B2, sannan a haska UV na wani minti 30. Hasken da bitamin ɗin su ke sa zaren kolajin da ke cikin gilashin ya ƙulla sababbin mahaɗai, ya yi tauri. Ba ya mayar da ido sabo. Dakatar da lalacewar yake yi.

Me ya sa sai an kankare fatar? Nan ne labarin ya haɗu da maganin ɗigawa. Wannan fata, mai kaurin maikiron 50 kacal, ita ce mai gadin ƙofa: abin da ke narkewa a mai take bari ya wuce, tana tare mai narkewa a ruwa. Naman da ke ƙarƙashinta, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na gilashin, akasin haka yake yi. Ga hawaye na wanke maganin zuwa hanci. Shi ya sa a lafiyayyen ido ma abin da ke shiga ciki bai fi kashi 5 cikin ɗari na ɗigon ba. Ribofilabin kansa ba ya iya ƙetare fatar sosai, har ta kai an ƙera na'urar da ke tura shi ciki da ɗan ƙaramin lantarki don a guje wa kankarewa.

Don haka bayan aikin, ido na shiga yanayi biyu masu karo da juna. A kwanaki uku zuwa biyar na farko babu mai gadi, ƙofa a buɗe take. Magani na shiga fiye da yadda aka saba, ƙwayoyin cuta ma haka. A lokacin ne likita ke sa ledar ido mai laushi a matsayin bandeji, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya ji raɗaɗi ya je kemis ya sayo maganin kashe zafi na ɗigawa yana ta zubawa, zai iya hana fatar warkewa, har gilashin ya fara narkewa.

Bayan fatar ta dawo kuma sai lamarin ya juye. Yanzu saƙar kolajin ta matse a maikiron 300 na sama, kamar rariyar da aka rage wa ramuka. Masu bincike a Suwizalan sun gwada da idanun alade, suka ga ofloxacin, maganin bakteriya, da voriconazole, maganin fangas, sun ragu wajen shiga cikin ido. Daga baya sun auna wani rini mai suna fuloresin a idanun masu keratokonus, shi ma ya ragu bayan aikin. Sai dai wani gwajin da aka yi da moxifloxacin a kan zomaye bai nuna bambancin kirki ba. A ganina wannan shi ne mafi muhimmanci: ba ƙofa ɗaya ce ta rufe wa kowa ba, kowane magani da girman ƙwayarsa da halinsa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan, sabunta tsaro ɗaya zai iya hana wata manhaja aiki, wata kuma ko a jikinta.

Inda abin ke da nauyi shi ne gaba. Wanda aka yi wa aikin yana ɗan shekara 19 zai iya samun gyambon ido ko hawan jinin ido a shekara 40, ya je wurin likitan da bai san tarihinsa ba. Taurin gilashin ma na iya sa na'urar awon matsin ido ta nuna lamba sama da ta gaskiya. Saboda haka ɗauki hoton takardar aikin ka ajiye a waya da kuma Google Drive, ka nuna wa duk likitan idon da zai duba ka.

Kada kuma ka ce tunda shigar ta ragu bari ka ninka ɗigo. Ido ba ya riƙe ɗigo ɗaya ma gaba ɗaya, na biyun kumatu zai sha. Abin da ke taimakawa shi ne ka ɗiga ɗaya, ka rufe ido, ka danna kusurwar da ke kusa da hanci na minti ɗaya zuwa biyu. Idan magunguna biyu ne, bar minti biyar a tsakaninsu, ka saita ƙararrawar wayarka ta tuna maka na gaba.