Muryar Sirri a Gidan Rediyo: Ladabin Shirye-shiryen Siyasa da Hukuncin Wanda Ya Saɓa

Tun sa'ad da aka buɗe gidan rediyon Freedom a Kano cikin shekarar 2003, siyasar ƙasar Hausa ta sami sabon dandali. Abin da a zamanin NEPU da NPC sai mutum ya taka zuwa filin lacca ya ke ji, ya zama yana iske shi har cikin ɗakinsa da dare. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta suka raya wata sana'a, ta mutanen da a ke kira sojojin baka, watau masu sayen fili, ko a saya musu, domin su yabi ubangidansu su yi wa abokin hamayyarsa zambo. An daɗe ana kuka da zagi da ƙazafin da a ke yi a irin waɗannan filaye. Amma wayar hannu ta zo da wata matsala dabam. Baƙo yana iya zuwa da murya a cikin wayarsa, ya ce ta wane ce, an ɗauke ta yana magana da amininsa, ya nemi a sa wa jama'a su ji da kunnensu. To, a nan me ya wajaba a kan mai gabatar da shiri, kuma wa doka za ta kama?

Wajibi ne a fara rarrabe abu biyu waɗanda Hausa ta riga ta rarrabe. Ƙazafi shi ne a ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Tonon asiri kuwa shi ne a fitar da abin da ya yi, ko ya faɗa, alhali ya yi shi ne a inda ya ke zaton rufi. Wanda aka tuhuma da ƙazafi yana iya kare kansa da cewa gaskiya ya faɗa. Mai tonon asiri ba shi da wannan mafaka, gama gaskiyar maganar ita ce ainihin abin da ya yi ɓarnar. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta lura da wannan. Sashe na 391 ya bayyana laifin ɓata suna, na 392 ya sa masa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyu. Sa'an nan gaskiya kaɗai ba ta wanke mai magana, sai in amfanin jama'a ya bukaci a bayyana ta. Malaman Musulunci ma haka suka bi da giba: haramun ce ko da abin da aka faɗa gaskiya ne, sai a wurare ƙididdigaggu, kamar kai ƙarar azzalumi ko gargaɗin mutane daga wata cuta.

A kowace murya da aka fallasa akwai hannu uku: wanda ya naɗa, da wanda ya kai, da wanda ya watsa. Shari'ar da ta fi kowace fito da bambancin waɗannan hannaye a Amurka aka yi ta, kuma a kan shirin siyasa na rediyo ne.

Cikin watan Mayu na 1993 malaman makarantar wata gunduma a jihar Fensilbaniya suna jayayya da hukumar makarantunsu a kan ƙarin albashi. Gloria Bartnicki, wadda ke jagorantar ciniki a madadin malamai, ta buga wa shugaban ƙungiyar, Anthony Kane, waya daga cikin motarta. Cikin hirar Kane ya hasala, har ya ce in hukumar ba ta matsa daga kashi 3 cikin 100 ba, sai an je gidajen 'yan hukumar an tarwatsa musu baranda. Wani wanda har aka gama shari'ar ba a san ko wane ne ba ya tare wayar ya naɗe ta. Aka jefa kaset ɗin cikin akwatin wasiƙun shugaban wata ƙungiya ta masu biyan haraji, mai adawa da ƙarin albashin, shi kuwa ya miƙa wa Frederick Vopper, mai gabatar da shirin siyasa a rediyo. Bayan an sasanta rikicin albashin, Vopper ya sa kaset ɗin a shirinsa.

Bartnicki da Kane suka kai ƙara. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin dokar tarayya ta 1968, wadda aka faɗaɗa a 1986, ta hana tare wayar mutane, ta kuma hana bayyana abin da aka samu ta haka ga duk wanda ya san asalinsa, ko ya kamata ya sani. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 21 ga Mayu 2001, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Mai shari'a Stevens, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya kafa shi a kan abu uku: Vopper ba shi da hannu a satar muryar, bai karya doka wajen karɓar kaset ɗin ba, kuma albashin malamai magana ce da ta shafi jama'a. Laifin wani baƙo, in ji shi, bai isa ya cire wa mai watsa labari kariyar da tsarin mulki ya ba 'yancin magana ba.

Sau da yawa a kan ambaci wannan hukunci kamar ya buɗe ƙofa ne ga kowa, alhali kuwa ƙofar ƙarama ce. Biyu daga cikin shidan, Breyer da O'Connor, sun rubuta cewa sun yarda ne domin maganar ta ƙunshi barazanar cutar da mutane, kuma masu maganar su suka sa kansu cikin sha'anin jama'a. Da hirar gida ce, ko ta rashin lafiya, da ba su yarda ba. Babban Joji Rehnquist, wanda ya jagoranci ukun da suka saɓa, ya kawo hujjar da kowane alƙalin kasuwa zai gane: ɓarawon murya da wuya a kama shi, don haka hanyar hana shi ita ce a hukunta mai karɓar kayan satar. Ya ƙara da cewa in mutane suka san ana iya watsa hirarsu, za su daina sakin baki ko da amininsu, wannan ma tauye 'yancin magana ne. Ba a ba wannan hujja amsar da ta gamsar ba.

In gidan rediyon ne da kansa ya naɗi muryar, hukuncin ya sake. Hukumar sadarwa ta Amurka, watau FCC, tana da ƙa'ida tun 1970 cewa kafin a watsa hirar waya, ko a naɗe ta domin watsawa, sai an sanar da wanda ke ɗaya gefen. Kafin, ba bayan an fara ba. Asalin tarar dala 4,000 ce, kuma a kan mai lasisin gidan ta ke faɗawa, ba a kan mai gabatarwa ba. Hukumar ta fassara kalmar hira da faɗi, har ta haɗa da saƙon da ke cikin na'urar amsa waya. Ba a kuma duban matsayin wanda aka kira. A 2003 wasu masu gabatarwa biyu a wani gidan rediyo na Miyami suka yaudari fadar shugaban Kyuba da guntayen muryar Hugo Chavez har suka sami Fidel Castro a waya, suka watsa. A 2004 hukumar ta sanar da tarar dala 4,000 a kan gidan, ko da ya ke Castro ba shi da masoya da yawa a garin.

Mai karatu zai ga kamar da saɓani: gidan da ya naɗi 'yar gaisuwa ya biya tara, wanda ya watsa hirar sata ya tsira. Amma ma'aunin ɗaya ne. Ana tambaya ko hannun gidan rediyon ya taɓa ɗaukar muryar. In bai taɓa ba, sai a tambaya ko jama'a suna da haƙƙi a cikin abin da aka faɗa.

A Nijeriya tushen maganar yana cikin tsarin mulki na 1999. Sashe na 37 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin ra'ayi da watsa labari, na 45 kuwa ya yarda a taƙaita kowannensu domin tsaron ƙasa ko kare haƙƙin wasu. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 12, ta sa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyu, a kan wanda ya tare saƙon wani da na'ura ba da izini ba. Wannan hannu na farko ke nan. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sassauta wa aikin jarida, amma da sharaɗin amfanin jama'a.

Sai dai muryar da ke yawo a ƙasar Hausa ba lalle ne a ce tare ta aka yi ba. Mutum ne ya aika wa abokin siyasarsa saƙon murya ta WhatsApp da kansa, ko suna waya abokin ya danna maɓallin naɗa; ranar da suka ɓata, sai saƙon ya fito. A nan babu ɓarawo, akwai mai cin amana, kuma sashe na 12 bai yi tanadinsa sosai ba. Saboda haka nauyin ya koma kan hannu na uku, watau gidan rediyo.

Mai tsaron wannan ƙofa ita ce hukumar NBC, wadda Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa. Kundin ƙa'idojinta ya umarci gidajen rediyo su mutunta sirrin mutane sai inda amfanin jama'a ya rinjaya, su ba wanda aka taɓa damar mayar da martani, su kuma ajiye abin da suka watsa har kwana 90. Horonta hawa-hawa ne, daga gargaɗi zuwa tara, zuwa rage sa'o'in aiki, zuwa dakatar da lasisi ko soke shi. A Agusta 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, kuma cikin watan aka ci gidan Nigeria Info na Legas wannan tara saboda hira da Obadiah Mailafia. A Janairu 2022 aka dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM wata 6. Abin lura shi ne waɗannan hukunce-hukunce da suka yi suna duk a kan maganar da ta taɓa gwamnati ko tsaro ne, abin da ya sa masu rediyo da yawa ba sa kallon hukumar a matsayin mai raba gardama.

Ran 10 ga Mayu 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai shari'a James Omotosho, ta soke tarar naira 500,000 da hukumar ta ci kowane ɗaya daga gidaje 45 a Maris 2019. Dalilin kotu shi ne hukumar ba kotu ba ce, bai kuwa yiwu ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai gabatar da tuhuma, ita ce alƙali. A Janairu 2024 wata alƙaliyar kotun ta yanke makamancin haka. Ta fuskar adalci wannan daidai ne. Amma akwai wanda hukuncin bai tuna da shi ba, watau mai muryar. Gwamna ko sanata yana da lauyoyi, yana kuma da nasa sojojin baka da za su rama masa kafin gari ya waye. Kansila, ko mace 'yar takara wadda aka watsa hirarta da mijinta, sai dai ta shigar da ƙara ƙarƙashin sashe na 37, ta biya lauya, ta jira, kuma a gaban kotu sai an sake sauraron muryar da ta ke so a manta.

Har wa yau akwai tambayar da ba ta taso wa alƙalan Amurka a 2001 ba, domin Kane bai musanta muryarsa ba. A Afrilu 2023 wata jaridar intanet ta saki abin da ta ce hirar waya ce tsakanin Peter Obi da Bishop David Oyedepo, Obi kuwa ya ce ta jabu ce. A Satumba na wannan shekara, kwana biyu kafin zaɓen ƙasar Sulobakiya, aka yaɗa wata murya da a ke cewa ta shugaban wata jam'iyya ce, Michal Šimečka, yana shirya maguɗi da wata 'yar jarida. Masu bincike suka nuna ƙirar kwamfuta ce. Ko ba a ƙirƙira ba, yanke farkon magana da ƙarshenta ya isa ya juya ma'ana. Mai sauraro kuwa ya fi gaskata abin da ya ji da muryar mutum bisa abin da aka ba shi labari, shi ya sa a nan tonon asiri da ƙazafi su ke iya haɗuwa cikin minti ɗaya.

Abin da ladabin aikin ya bukata ba boyayye ba ne. Edita ya saurari muryar tun daga farko har ƙarshe kafin shiri, ya san hanyar da ta biyo, ya nemi mai ita ya ji ta bakinsa, ya cire abin da ya shafi iyali da lafiya da mutum na uku wanda bai shiga siyasa ba. In abin da ya rage shirin maguɗi ne, ko rabon dukiyar jama'a, ko barazana ga rai, a watsa. In gulmar ubangida ce kawai, abin dariya ne ga masu sauraro, ba haƙƙinsu ba. Wahalar ita ce filin sayarwa a ke yi, kuma kuɗin filayen siyasa babban abin dogaro ne ga gidaje masu zaman kansu, ga shi wanda ya biya yana ganin ba mai tace masa magana. Sanarwar nan da a kan yi, cewa ra'ayin masu magana ba na gidan ba ne, ba ta ɗauke wa mai lasisi alhaki.

A Mayu 2025 gwamnatin Jihar Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, tare da neman baƙi su sa hannu a takardar alkawarin barin zagi. 'Yan jarida da lauyoyi suka ce jiha ba ta da wannan iko, tun da tsarin mulki ya sa sha'anin watsa labarai a hannun tarayya. Ko da an bar gardamar iko, matakin bai kai ga muryar sirri ba. Ita dama naɗaɗɗiya ce tun kafin ta iso, kuma shirin da aka naɗa da rana a watsa da dare yana iya ɗauke da ita daidai da na kai tsaye, muddin editan da ya saurara bai tambayi inda ta fito ba.