Zalɓe da Mai Kiwon Tarwada

Duk wanda ya haƙa kududdufi a bayan gidansa ya zuba 'ya'yan tarwada, ya kuwa ga zalɓe tsaye a gefen ruwa da asuba, lalle zuciyarsa za ta raya masa ya ɗauko danƙo ko guba. Amma idan ya yi nazari zai tarar cewa tsuntsun nan bai ƙetare haddin da Mahalicci ya ajiye masa ba, abincinsa kawai yake nema, kuma hanyar hana shi tana cikin ɗabi'arsa. Zalɓe ba ya ninƙaya don farauta, sauka yake a tudu, ya tako sannu cikin ruwa marar zurfi, ya tsaya cik har kifi ya kusato. Saboda haka idan aka yi gaɓar kududdufin a tsaye, zurfinsa ya haura santimita 60 tun daga baki, aka kuma ajiye tsofaffin tukwane ko guntayen bututu a ƙasan ruwa don kifi ya sami mafaka, an rage masa dama ƙwarai ba tare da an taɓa gashinsa ba.

Raga ita ce mafi inganci, da sharaɗin a ɗaure ta tam, idanunta ƙanana, domin raga mai sako-sako tarko ce da tsuntsaye da macizai ke mutuwa a cikinta. Guza kuwa, da shi ma ke cin kifin, sai katangar kwano da aka binne gindinta.

Mas'alar guba ita ce ta fi damuna, gama wanda ya barbaɗa ta ba shi da ikon zaɓar wanda za ta kashe: angulu da ta ci mushe, da karen maƙwabci, da kifin kansa idan ruwan sama ya wanko ta. A Ingila wata doka ta shekarar 1981 ta haramta kashe zalɓe ba da izini ba, mu kuwa da fadamar Haɗeja da Nguru ke karɓar baƙin tsuntsaye daga Turai kowace shekara, amanar ta fi nauyi a wuyanmu.

Kafin ma a tuhumi tsuntsu, ya kamata mai kiwo ya duba cikin ruwansa, domin tarwada mai cin 'yar'uwarta ce, kuma idan ba a riƙa ware manya daga ƙanana a makonnin farko ba, waɗanda suka riga girma za su haɗiye sauran, zalɓe ya ɗauki laifin.