Ko Kun Sani? Hayaƙin Karan Shinkafa da Masu Ciwon Fuka

A gonakin rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da shinkafa tun shekarun 1970, akan cinna wa kara wuta bayan girbi don a share gona. Hayaƙin nan yana ɗauke da ƙwayoyin toka masu ƙanƙanta sosai, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri wajen sau 30. Hanci ba ya iya tace su. Sukan wuce har ƙuryar huhu, su kumbura hanyoyin iska, sai ka ji mai fuka yana tari, ƙirjinsa na shaƙewa, numfashinsa na fito. Abin tausayi, yara sun fi jin jiki, musamman idan ƙona kara ya haɗu da hazon hunturu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon fuka a duniya sun kai miliyan 262 a 2019. Takunkumin tsumma ba ya tare wannan toka, sai irin N95. Ranar da ake ƙona kara, a rufe tagogi, maganin shaƙa kuma ya kasance kusa da hannu.